Alƙiblar Firdausi Tana Yamma

Xi'an, ƙasar Sin

Yaya Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Ina fatan Baba da Iya da kowa a gida lafiya. Na fara karatun digiri na biyu kan tsofaffin hanyoyin fatauci. Garin nan tsohuwar fadar sarakunan Sin ce, a da Chang'an ake kiransa. Daga nan ayarin siliki ke tashi, ta hanyoyin fatake kuma addinin Buddha ya iso daga Indiya. Jiya an kai mu wata hasumiya da aka gina a shekarar 652 don ajiye littattafan addininsu. Akwai gumaka a wurin, kallo da rubutu kawai na yi. Akwai kuma tsohon masallaci, can nake zuwa Juma'a. A nan yamma muke fuskanta a salla. Ka karanta wa Baba duka.

Ƙanwarka,
Firdausi

Daura

Firdausi,

Wa alaikis salam. Ke dai komai sai kin faɗa. Ina zuwa kan yamman nan Baba ya ture kwanon tuwo. Ya ce an kai masa 'ya gidan gumaka har ta juya wa gabas baya. Ki dawo kafin azumi, in ji shi. Na fara bayani, ya ce in rufe masa baki.

Yayanki

Xi'an

Yaya,

Bayan gaisuwa, na karanta wasiƙarka. Na sake duba taswira, na kuma tambayi liman. Makka tana gabas da Daura, ta ɗan karkata arewa, amma tana yamma da Xi'an. In Baba ya ce in dawo, zan dawo, ko da karatun zai tafi. Sai dai in na kalli gabas a nan, Ka'aba na juya wa baya. Don Allah ka karanta wa kakarmu Iya, ita ta je Makka ta gani.

Taka,
Firdausi

Daura

Firdausi,

Salam. Iya ta kife ƙwarya a tsakar gida, ta tsayar da ɗanta Baba a gefe guda, ni a ɗaya gefen, ta ce mu ɗauka ƙwaryar ce Ka'aba, mu fuskance ta. Sai ga mu muna kallon juna. Ta ce masa, "Haka na gani a Harami, kai da iyakarka Damagaram."

Baba ya ce ki zauna ki gama, gumakan dai a tsaya a kallo. Ya kuma ce tunda in an ta da salla fuskarki na wajensa, tasa na wajenki, kada ki manta da shi a sujada.

Allah ya tsare ki.
Abdulbaƙi