Akodiyon Baba Ya Daina Rawar Murya

Ville Platte, Luwiziyana

Yaya Clovis,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin Montreal bai cinye sauran gashin kanka ba. Na ga hotonka a bayan faifan da ka aiko, ka maƙala baƙin tabarau kamar ɓarawon kaji. Ranar Asabar na sa faifan a gidan rawa, na ce musu sabon kiɗan gida ne. Mutane suka tashi suka riƙe juna, suna jiran inda za su sa ƙafa, har ya ƙare ba su samu ba. Gwaggo Eulalie ta ce, "Ulysse, injin ne ya lalace ko ɗan'uwan naka?"

To, wasa ya ƙare. Baba ba ya gane kowa yanzu. Mama ma "baiwar Allah" yake ce mata. Amma jiya ya ɗaga hannuwa yana buɗewa yana rufewa, yana tambayar ina akodiyonsa, abin kiɗan nan nasa da ake ja ana matsawa, wanda ka tafi da shi. Mama ta ce in ya ji muryar akodiyon nan mai rawa hankalinsa zai dawo mana, ko na yini ɗaya ne. Kawo shi gida, Yaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka da ya fi ka kyau,
Ulysse

Montreal

Ƙanena Ulysse,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Mama da kyau. Zan zo. Amma ka shirya zuciyarta.

Ka san harsunan ƙarfen da ke cikin akodiyon bibbiyu suke, kuma marigayi Kawu Adlai da ya ƙera shi da gangan ya bar su da ɗan saɓani, shi ya sa muryar take rawa. Mai piyanonmu da mai busa ƙaho sun ce rawar tana ɓata musu kiɗa. Bara na kai wa wani mai gyara ya goge harsunan har suka daidaita. Abin da aka goge ba ya dawowa, kunnen da ya san saɓanin kuma yana kabari.

Ƙungiyar kiɗan tamu ma ta watse. Masu kiɗan jaz sun ce na cika ƙauyanci. Mai gangarmu ɗan Haiti ya koma tuƙin tasi. Ni ina kiɗa a wani gidan abinci, mutane suna tauna.

Allah ya ba Baba sauƙi.
Yayanka,
Clovis

Ville Platte

Yaya,

Gaisuwa, duk da kai ka gudu ba sallama, ka bar miyar kuɓewar da Mama ta yi maka a tukunya, ka bar akodiyon a kan kujera.

Da ka kaɗa masa akodiyon, ka fita tun Baba bai gama magana ba. Abin da ka ji kawai shi ne, "Samari, ka iya hannu, amma wannan na kanti ne." Da ƙofa ta rufe ya juyo wurina ya ce, "Ina da wani ɗa, shi ya tafi da nawa. Ka bi baƙon nan, ka ce in ya haɗu da shi a hanya ya ce masa ya dawo min da abina."

Ka san halina. Na kwance akodiyon, na ɗiga wa harsunan kakin kyandir ko za su saɓa. Na ja, sai ga kukan agwagwa mai mura. Na zaci ko Baba dariya zai yi. Toshe kunnuwa ya yi, ya juya fuska bango. Mama ta fita waje, ta daɗe.

Tun ranar kullum sai ya tambaye ni ko baƙon ya aiko da labari. Ni da ba na rasa ƙarya, wallahi na rasa. Me zan ce masa?

Sai na ji daga gare ka.
Ulysse

Montreal

Ulysse,

Ina gaishe ku duka.

Ka ce masa baƙon ya nemi ɗan nasa ko'ina. Bai same shi ba.

Ka riƙe Mama da kyau.
Clovis