Ni na sa Baba ya daina aika buhu Gaoui

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Abin ya kai shekara tara ko goma, mai yiwuwa wasu kalmomin sun sauya a kaina, amma abin da na aikata ban manta ba.

Mahaifina yana sayar da atamfa a unguwar Ridina. Ina da ƙanwa da muke uba ɗaya, bari in kira ta Hajara. Da Baba ya rabu da mahaifiyarta, sai suka koma ƙauyen Gaoui da ke bayan gari, inda uwar take ginin tukwane. Duk wata Baba yana aika musu buhun dawa da sukari da sabulu, yana kuma ɗauke da karatun Hajara. Uwar kuwa duk shekara sai ta aiko mana da sabuwar randa. Ruwan randunan nan muka sha muka girma.

Shekarar da na gama lisans, wato digirin farko, a fannin shari'a, ina jin 1998 ce, kasuwa ta ja baya. Wata rana bayan la'asar Baba ya kira ni shago ya ce, "Metir," haka yake tsokanata, wai lauya, "kai da ka sha takarda, yarinyar nan ta cika sha takwas. Har yanzu ciyar da ita yana wuyana, ko na sauke?" Na san amsar. Tun a karatun zaure an koya mana cewa 'ya mace tana wuyan ubanta har ta tare a ɗakin miji, a jami'a ma ba wanda ya ce mini ana yanke wa ɗaliba abinci don ta cika wasu shekaru. Amma ina son tafiya Kamaru ƙaro karatu, na kuma san ƙarfin Baba ba zai ɗauki mu biyu ba. Sai na ce, "To Baba, ta wata fuskar, a iya cewa an sauke." Ya ce, "A iya cewa, ko an ce?" Na sunkuyar da kai na ce, "An ce." Ya ce, "Kalas," wato shi ke nan, ya ci gaba da ninke atamfarsa. Bai tambayi liman ba. Me zai kai shi, ga ɗansa mai digiri?

Buhu ya tsaya, randa ma ta tsaya. Hajara ta bar lise, wato sakandare, saura shekara guda ta zauna bak, jarrabawar ƙarshe. Da na dawo daga Kamaru, a gadar Ngueli da ke kan iyaka na gan ta, ta ɗauko sukari da sabulu a ka daga garin Kousseri na Kamaru za ta sayar. Ta ce, "Yaya, an dawo? Barka. Ka gaishe da mai shago." Mai shago fa, ba Baba ba. Ina zan sa kaina?

Bana Baba zai tafi hajji, yana bin mutane gida-gida yana neman gafara. Sau biyu ya tura ƙaninsa, Kawu, wurin Hajara, ta ƙi zuwa. Wai cewa ta yi, "Wanda ya sauke ni, me kuma zai ɗauka?" Shekaranjiya Baba ya kama hannuna ya ce, "Metir, ban zalunce ta ba ko? Kai ka duba mini a lokacin." Na ce masa shayinsa yana hucewa.

Saura mako uku ya tashi. In na faɗa, wataƙila ta yafe masa, ni kuwa ban san da wane ido za su dube ni ba. In na yi shiru, zai tafi da haƙƙinta bai sani ba, ita kuma ta ci gaba da ƙin wanda laifinsa shi ne ya yarda da ni.

Kawu yana shagon ranar da na ce "an ce" ɗin nan, da wani maƙwabcinmu mai ɗinki. In ɗayanku ya ga wannan, ya kuma tuna ba haka aka yi ba, don Allah ya aiko da gyara. Na daɗe ina fatan a ce a kan "a iya cewa" na tsaya.

Jama'a, Baba zan fara tunkara ko Hajara? Me zan yi?