Ƙorafin Zuliha a Kan Sunan Ɗiyarta ta Fari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Biron Takardun Matafiya da Iyalansu, Zinder.

Daga Zuliha, matar Mutari Alkasum, unguwar Zango, ta hannun Malam Ari, mai rubuta wa jama'a takardu.

Litinin, 11 ga Maris, 1974.

Game da: ƙin sa hannu a dosiye, wato tarin takardun iyalin Mutari Alkasum, saboda saɓanin sunan ɗiyarsa ta fari.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah Ya kawo mana damina mai albarka, ina neman izinin gabatar da kukan wannan baiwar Allah. Ba ta iya rubutu ba, don haka bakin nata ne, alƙalamin nawa.

Mijinta Mutari ɗan gidan maƙera ne da ya koyi walda. Shekara huɗu ke nan yana aiki a ƙasar Gabon. Da hukumomin can suka ga hannunsa, sai suka yarda su ba shi takardar zama na dindindin, shi da matarsa da 'ya'yansa uku, muddin dosiyen iyalin ya isa can da hatimin bironku, wato ofishinku, kafin 30 ga Afrilu. Wanda sunansa bai shiga ba a wannan karo, ba a san ranar shigarsa ba. Ga abin da ya faru:

1. Ranar 14 ga Janairu, Zuliha ta kai takardu. Sakataren da ke tebur na farko ya ce akwai saɓani: Mutari ya rubuto sunan babbar ɗiyarsa Ramlatu, takardar haihuwarta kuwa ta ce Hajjo. Gaskiya ne, ba mu musanta ba. An haifi yarinyar a watan aikin hajji na 1961, aka raɗa mata sunan mahaifiyar Mutari. Ba a yi mata takarda ba sai a 1968, da za a sa ta lakwal, wato makarantar boko. Ranar nan uban ba ya gari, aka tambayi uwar sunan ɗiya. Mai girma ɗan ƙasar nan ne, ya san mace ba ta kama sunan ɗiyarta ta fari, ba ta kuma kama sunan surukarta. Ga su nan duka biyu a suna ɗaya. Sai ta faɗi Hajjo, sunan da ake kiran yarinyar da shi a gida, mai rubutu ya rubuta, kowa ya tafi abinsa. Ba ƙarya ta yi wa hukuma ba, tarbiyyar gidansu ce ta bi.

2. Aka ce ta kawo shaidu biyu. Ranar 5 ga Fabrairu ta zo da liman Yusufu, wanda ya raɗa sunan da bakinsa, da Sallau wanzami, wanda ya aske kan jaririyar ranar suna. Aka ce ba a karɓar shaidar wanda ba shi da katin shaida mai hoto. Liman Yusufu ya kusa shekara tamanin, ya ɗaura auren rabin Zango, bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ya koma gida a ƙasa da tsakar rana.

3. Ranar 21 ga Fabrairu ta koma. Aka ce kun fita rabon hatsin taimako wajen Dakusa. Wannan ba ƙorafi ba ne, Allah Ya saka muku da alheri. Na rubuta ne kawai don a san ta zo.

4. Abin da ya faru ranar Laraba, 6 ga Maris, shi ne ya kawo ta teburina. Sakataren nan ya ce in dai ɗiyarta ce, to ta faɗi sunan yanka da bakinta, a nan take. Biron cike yake da maza masu jiran takardu. Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gefen dosiyen cewa uwa ba ta san sunan yarinya ba, a bincika ko marainiyar yunwa ce aka tsinta ana so a fitar da ita ƙasar waje. Ya kuma karanta da ƙarfi don a ji.

Ranka ya daɗe, shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, na rubuta kukan masu gona da na masu gado, kuma na gaji da yawancinsu. Wannan kam ya ɓata mini rai. Sakataren ba baƙo ba ne, haifaffen unguwar Birni ne, na san gidansu. Shi ma ɗan fari ne. Ina roƙon a tambaye shi, cikin natsuwa, ko ya taɓa jin sunansa na yanka a bakin mahaifiyarsa.

5. Wani ya ba Zuliha shawarar ta tafi da ƙananan biyu, Sule da Delu, tunda takardunsu sun yi daidai, ta bar Hajjo a hannun dangi. Wane dangi? Kakar da aka yi wa takwara ta rasu bara. 'Yan'uwan Zuliha na Hamdara sun kulle gida sun yi kudu tun da rumbu ya ƙare, rijiyarsu ta zama rami. Ba ta san garin da suke ba. Ta ce ba za ta hau mota ta bar yarinya 'yar shekara goma sha biyu a shekara irin wannan ba. In kuwa ta zauna, duk su huɗun sun rasa, Mutari ya zauna can shi kaɗai da takardarsa.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon a soke rubutun da aka yi a gefen dosiyen, a karɓi shaidar liman da wanzami, a ba da takarda mai hatimi cewa Hajjo da Ramlatu mutum ɗaya ce. Muna tunatar da cewa wasiƙa takan yi mako uku a hanya.

Akwai abu ɗaya da ta ce lallai in ƙara. Yau da safe ina karanta mata wannan takarda, da na iso wurin sunan sai na tsallake don in raga mata. Ta tsayar da ni. Ta ce in gwaji ake so, ta shirya. A nan bakin hanya, gaban masu wucewa, ta buɗe baki ta kira sunan sau ɗaya. Yarinyar tana tsaye kusa da ita riƙe da hannun Delu. Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman mai kiranta, ba ta dubi uwarta ba. Zuliha ta ce in rubuta cewa duk ranar da mai girma ya sa, za ta zo ta sake faɗa a gabansa.

Allah Ya ja zamanin mai girma. Muna jiran amsa cikin biyayya.

Zuliha, matar Mutari Alkasum
(ta dangwala babban yatsanta na dama)

Malam Ari, wanda ya rubuta