Goron Godiya Da Aka Mayar Mana

Assalamu alaikum Gwaggo Hannatu. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta takardar nan har ƙarshe, don ni in na fara magana ban iya gajarce ta ba. Yau kwana goma sha ɗaya ina da ƙwarya biyar ta farin goro, guda ɗari biyar ke nan, cikin kwando a ƙuryar ɗakina. Kullum da safe in buɗe, in yayyafa ruwa, in canza ganye, in tsince wanda ya fara taɓuwa. Ba na sayarwa ba ne, ba na biki ba ne. Goron godiya ne aka mayar mana, kuma a kansa 'yata take neman rasa abin da ta fi so a duniya.

Muna zaune a Kpébié, nan Parakou, ina da ɗan shagon atamfa. Maigidana yana harkar lodin kaya a Gare, wato tasha. Su mutanen Djougou ne, jikokin fataken goro, kuma mahaifinsa, wanda muke kira Baba Alhaji, ya haura tamanin amma har gobe yana zama rumfarsa. Yarinyar 'yar farina ce, ba na kama sunanta, bari in ce mata Shakira. Shekarunta goma sha huɗu. Tun tana ƙarama take da in'ina, mai tsanani kuwa. In na aike ta sayen magi, da yatsa take nunawa. Yara su kwaikwaye ta a hanya, ta shigo gida ta ƙule a ɗaki. Ni kaina, Allah ya yafe mini, sau nawa na ƙarasa mata magana don na ƙosa, sau nawa na daka mata tsawa na ce ta faɗa ko ta bari.

Sai Allah ya haɗa mu da Madam Mariatou, malamarsu ta Faransanci, 'yar ƙabilar Bariba ce. Tana da kulob na koyon magana a gaban jama'a, ranar Laraba da yamma da ba a lakwal, wato ba makaranta, kuma ba wanda yake biyanta. Da kanta ta zo shagona a kan babur ta roƙi in ba ta Shakira. Wallahi dariya na yi. Mai in'ina a kulob ɗin magana? Na ɗauka ba'a take mini. Ta ce in ba ta Laraba huɗu kawai. Laraba huɗun nan ta zama shekara biyu. Ta koya mata jan numfashi kafin kalma, ta koya mata buga yatsa a cinya tana bin magana a hankali, ta sa ta karanta wa itatuwan mangwaro na filin makaranta littafi da ƙarfi kafin ta tsayar da ita gaban mutane. Ranar da Shakira ta yi ciniki da wata mata a shagona tun daga farko har ƙarshe, bayan labule na shiga na yi kukana. Gwaggo, matar nan ta yi mini abin da ni da na haife ta ban yi ba, kuma har in mutu ina gode mata.

Bana aka shirya gasar jawabi ta ɗaliban jihohin Borgou da Donga, a nan Parakou, wanda ya zo na ɗaya zai tafi zagayen ƙarshe a Cotonou. An ce kowa ya yi magana a kan mutumin da yake alfahari da shi. Ita kakanta ta zaɓa. Hutun da ya wuce duk a rumfarsa ta yi shi, tana jin labarin yadda ubansa ya riƙa takowa daga Gwanja da jakunan goro, tana rubutawa a ɓoye, wai sai ranar gasa zai ji.

Ga inda nawa laifin yake, kuma ba wanda ya sani sai ke yanzu. Shakira ta kawo mini takardar dokokin gasa in sa hannu. Shago cike da masu saye, Faransancina kuma na kasuwa ne, sai na sa hannu ban karanta ba. Sai bayan gasa na gano ashe a ciki an rubuta cewa iyaye ba za su ba malami ko alƙali kyautar komai ba har a gama gasar, wanda ya yi kuwa a cire ɗansa.

A gidan su maigidana akwai al'ada tun ta fatake. Wanda ya yi maka jagora, ana gode masa ne kafin a kwance kaya a san riba, don kada ya zama ribar ka gode wa, ba mutumin ba. Baba Alhaji ya ce zai zo ya gode wa Madam. Na yi murna, ni na zaɓi turmin atamfa mafi kyau a shagona na haɗa. Na ɗauka gidanta za mu kai.

Ranar gasa ya zo tun daga Djougou cikin farar riga. Shakira ta hau, ta yi minti bakwai, sau biyu kawai ta sarƙe, ina ganin yatsanta yana bugun cinya. Mutane suka miƙe suna tafi. Alƙalai na cikin haɗa maki, sai na ga tsoho ya tashi da sandarsa, direban da ya kawo shi yana biye da kwandon goro. Malaman da suka horar da yara kuwa a ƙarshen teburin alƙalai aka zaunar da su. A nan ya sa aka dire kwandon, gaban Madam, gaban kowa. Innalillahi! Wuri ya ɗauki gunaguni, wani uba daga wata makaranta har ya ɗaga waya yana ɗauka. Madam ta tashi, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗaga murya ta faɗa da Faransanci, ta maimaita da Dendi, yaren mutanen Djougou, cewa ba za ta karɓa ba. Ta ɗauki kwandon da hannunta ta kai bakin ƙofa.

Alƙalai suka yi shawara, suka ce tunda ba a karɓa ba ba laifi, kuma Shakira ce ta ɗaya. Amma tsoho bai ji ba, ya riga ya fita. Ko ruwan gidanmu bai sha ba ya koma Djougou, goron ma ya bar mana shi, ya ce kyautar da ta fita ba ta komawa rumfarsa. Ya kira ɗansa ya ce matar da ta kunyata dattijo a bainar jama'a ba za ta ƙara koya wa jikarsa komai ba, ba kulob, ba Cotonou. Maigidana bai taɓa tsallake maganar ubansa ba, ya ce mini a bar zancen. Tsohon ma ba ya jin Faransanci, har yau bai san me yarinyar ta faɗa ba.

Saura kwana goma sha tara a tafi. Shakira ba ta yi kuka ba, amma shekaranjiya ta so ta ce in miƙo mata gishiri, kalmar ta ƙi fita, sai ta nuna da yatsa. Madam ta turo mini saƙon murya sau biyu tana gaishe ni, ban amsa ba. Na hango ta a kasuwa na laɓe bayan mai sayar da robobi, ni da girmana. Ina jin kunyar tsoho, ina jin kunyarta, ina tsoron ranar da zancen takardar nan zai fito. Yaya zan yi in gode wa matar nan ban ɓata wa surukina ba, yarinyata kuma ta tafi?

Mai godiyar da ta maƙale, Kpébié

*

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta har ƙarshe, kuma kafin komai barka. Yarinyar da take nuna magi da yatsa ta tsaya minti bakwai gaban Borgou da Donga ta zo ta ɗaya. Kada rikicin kwando ya mantar da ke wannan, ki yi wa Allah godiya.

Ban ga mugu ko ɗaya a labarinki ba. Baba Alhaji bai zo sayen alƙalai ba. Ya zaɓi lokacin nan ne da gangan don kada a ce nasara yake biya. Dokar gasa ma abin da take tsaro ke nan, kada a ce an sayi nasara. Manufarsu ɗaya shi da Madam, hanya ce ta bambanta. Zafin da ya ji kuma na gaske ne, mutum mai shekara tamanin a fitar masa da kyauta gaban jama'a ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya ce masa ya cika fushi. Ita kuwa, da ta karɓa, ko ta yi shiru ta tura kwandon ƙarƙashin tebur, da a ranar aka cire 'yarki, sunanta kuma ya ɓaci a wurin aiki. Dole ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Kuma ki lura, sai da ta durƙusa tukuna. Abin da ta yi muku a minti ɗayan nan bai gaza na shekara biyun ba.

Yanzu ke. Sa hannu ba karatu kuskure ne, kowa yana yi. Ɓoyewar ce take cin mutum biyu da ba su san hawa ba. Muddin tsoho bai san akwai doka ba, a ganinsa raini ne kawai. Ki faɗa wa maigidanki yau, ba gobe ba. Zai yi faɗa, ki haƙura, faɗan yini ɗaya ne.

Gobe ki je gidan Madam hannu rabbana, ko lemo kada ki riƙa. Ki gode mata da bakinki kamar yadda kika gode mata a takardar nan, ki ba ta haƙurin shirun da kika yi. Ina tabbatar miki ita ma tana can tana zaton kun yi fushi da ita. Ki karɓi kwafin dokar a wurinta, ki tambaye ta ranar ƙarshe ta tabbatar da sunan masu tafiya.

Sannan Djougou, a ƙarshen makon nan, ku uku, ke da maigidanki da Shakira. Kada a yi ta waya. Maigidanki ba sai ya tsallake maganar ubansa ba, kai ki kawai zai yi ki durƙusa. Ki ce laifinki ne, ki sa a fassara masa layin dokar, ki gaya masa da Madam ta karɓa da jikarsa ce za a kora. Kada ki ce ya yi kuskure, kuma kada ki fara roƙon Cotonou. In akwai dattijon da yake jin maganarsa, abokin rumfa ko limamin unguwa, ku biya ta wurinsa.

Abu mafi girma kuma kin ambace shi a layi ɗaya kin wuce: bai san me ta faɗa ba. Haba 'yar'uwa! Mutum ya yi tafiyar nan, ya zauna ana tafa wa labarin ubansa, bai sani ba. Ki sa Shakira ta juya jawabin zuwa Hausa tun yanzu, ta tsaya a rumfarsa ta yi masa shi daga farko har ƙarshe. In ta sarƙe, ki kama bakinki, kada ki ƙarasa mata. Shi ya san yadda take a da, ba sai an gaya masa wa ya yi wannan aiki ba. Ban yi miki alkawarin zai sauko a ranar ba, tsofaffi suna son a ba su kwana biyu su ce su suka canza ra'ayi. Shi ya sa na ce wannan makon.

Goro kuma ki ci gaba da yayyafa masa ruwa, kin fi ni sanin zai kai. Bayan an dawo daga Cotonou, ko an ci ko ba a ci ba, doka ta ƙare. Ki nemi shugaban makaranta ya gayyaci Baba Alhaji wata Laraba ya ba yaran kulob labarin fatake, a kira iyaye da malamai, ya raba goronsa da hannunsa, ya fara da Madam Mariatou. A gaban jama'a aka mayar masa, a gaban jama'a ya kamata a karɓa.

Allah ya sanyaya zuciyar tsoho, ya saka wa Madam da alheri, ya kai Shakira Cotonou lafiya ya buɗe mata baki. Ki ajiye jaridar nan ki amsa saƙon matar nan tukuna, kwana goma sha ɗaya tana jira.

Gwaggo Hannatu