Kuben da Na Ɗinke Bakinsa

Zayyanu ɗana,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar innarka? Ni lafiya lau a Kakuri, tumbina kaɗai ke samun ci gaba.

Na ji saƙonka, wai in ɗinka maka kuben wuƙa za ka bi mafarauta daji. Makon jiya mafarautan Kakau suka kawo mini wani kube da suka samu a jikin wata gawa a daji, in duba ko aikina ne, don a gane gawar mai shi. Nawa ne, da karkataccen ɗinkin nan da kake yi wa dariya.

Naka yana hannun direban da zai kawo maka wasiƙar nan. Fatar mai kyau ce, sai dai na ɗinke bakinsa ruf. Ka ce wa abokanka tsufa ne ya kama Baba. Don Allah kada ka farke shi.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Ɗanjuma baduku