Ni na goge wushiryar ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, garinmu Garwa ba ta da girma idan abin kunya ne. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, in ta wuce ko kun bayar ba ta da amfani.

Ni ɗinki nake yi a gida, ina sa hotunan kayan a shafina. Ƙanwata, mu ce sunanta Jamila, ita ke sa kayan ina ɗaukarta da waya. Ba sana'a ba ce a wurinta, sha'awa ce kawai, tun tana lise, wato sakandare, take ɗora kwano a ka tana tafiyar 'yan defile masu tallan kayan sawa a tsakar gida muna mata dariya. Babanmu mahauci ne, sharaɗinsa ɗaya, a rufe jiki kuma kar a cire ɗankwali.

Jamila tana da wushirya, irin ta Dadarmu sak, Allah ya jiƙanta. Mu biyar Dada ta haifa, ita kaɗai ta ɗauko. Ni haƙoran Baba na kwaso, cunkus kamar masara. Duk sanda muka je Pitowa wurin kakarmu sai ta kama haɓar Jamila ta ce yi dariya in ga 'yata, ni kuwa a tambaye ni ko na zo da zaren da aka yi mini saƙo. Na girma ina cewa abin ba ya damuna, alhali yana ci mini rai.

Bara wata mai butik a Yawunde, zan kira ta Madam, ta ga hotunanmu ta fara sayen kayana. Lokacin ne na koyi gyaran hoto a waya. Da farko ɗan haske nake ƙara wa Jamila, in matse ƙugu kaɗan, abin da kowa ke yi. A zamanin kakarmu sai mace ta cika zane ake ce mata kyakkyawa, yanzu kuwa sai siririya fara tas, ko a ina za ta samo. Rannan na sa hotonta cikin wata koriyar shadda da na kwana huɗu ina wa aiki, tana dariya. Duk masu sharhi wushirya suke yabo, ko mutum ɗaya bai ambaci ɗinkin ba. Hoton da ya biyo baya na sa yatsa na haɗe haƙoran, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Da ta gani ta tambaye ni, sai na ce mata Madam ce ta ce a rufe, wai mutanen kudu ƙauyanci suke ganin abin, kuma manikin ta gaske, wato mai tallan kaya, ba ta da rami a baki. Wallahi tallahi Madam ba ta taɓa faɗin haka ba, ni na ƙirƙira a tsaye. Jamila ta ce mini "To Adda," ta shiga ɗaki.

Yau wata bakwai ke nan. Ta daina buɗe baki a hoto, daga baya ko a gida in dariya ta kama ta sai ta kai gefen mayafi baki. Ita da kanta take cewa in ƙara matse mata nan, in rage can. Baba ya kawo nama daga kasuwa ta ce ta ƙoshi. Da ya tambaye ni me ke damun yarinyar nan, na ce masa yayi ne na 'yan mata, zai wuce.

Sati biyu da suka wuce Madam ta turo mini saƙon murya, tana tambayar me ya sami hotunan. Ta ce ita tun farko murmushin yarinyar ne ya tsayar da ita a shafina, wai da Faransanci haƙoran sa'a ake kiran wushirya, kuma tana so a dawo mata da ita yadda take. Sau uku na saurara, sannan na goge saƙon, na rubuta mata cewa Jamila ce ba ta so. Kun ga na yi ƙarya ta nan, na yi ta can.

Jiya Jamila ta gaya mini ta karɓi randebu wurin likitan haƙori, ranar Alhamis za a cike mata wushiryar. Baba bai sani ba, ni take so in raka ta. Na ce ta bari, gadon Dada ne, har na kawo mata wa'azin canza halitta. Nan muka yi faɗa. Ta ce ni da na yi wata bakwai ina rufewa da yatsa yau ni ce malama, kuma in ta kalli hoton ta kalli madubi, madubin take tsana. Bayan la'asar sai ga ta ta dawo tana ba ni haƙuri, wai ni kaɗai na taɓa gaya mata gaskiya, sauran duk daɗin baki suke mata. Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

In na faɗa mata, za ta san hassada ce ta sa yayarta ta yi mata haka, ni da na goye ta bayan rasuwar Dada. In na kai wa Baba maganar, zai hana hoton gaba ɗaya, kuma shi ne abin da take so a duniya. In na sa Madam ta kira ta, asirina ne zai tonu ta bakin wata. Abin da ya fi ba ni tsoro, ko na faɗa ɗin wataƙila ba za ta ƙara yarda tana da kyau ba.

Da safen nan ta ce kar in manta in caja waya ranar Alhamis, tana so in ɗauke ta hoto a ƙofar likita tana dariya, hoton farko da ba sai na taɓa ba. Jama'a da wane baki zan fara, kuma me zan ce mata?