Yayana ya kai sulallan Baba wuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku ba ni da wuri, don jibi Alhamis komai zai ƙare.

Ni 'yar Birni ce nan Damagaram. Babanmu baduku ne, Allah ya jiƙansa, kuma yana da wata ɗabi'a da mutane ke masa dariya a kai, wato tara tsofaffin sulalla. Ran kasuwar Mirriya sai ya rufe rumfa mu hau mota ni da shi, mu bi 'yan koli da tsofaffin mata muna tambayar kuɗin da. Tun ina firamare nake binsa har na gama lise, wato sakandare. Muna da tamma ta zamanin Faransa, da anini mai huji, amma abin alfaharinsa liyari ne, manyan nan na azurfa masu hoton wata mata mai ƙiba, da kakanninmu fatake suka yi ciniki da su. Kowane ɗaya sai ya ɗinka masa 'yar jakar fata. Dokarsa ɗaya, ba a gogewa, ba a hudawa. Yakan ce wannan ba kuɗin cefane ba ne, na jikoki ne, ana barinsa yana tsufa yana daraja.

Da ya rasu akwatin sulallan ya zauna ɗakin Inna, ba a raba ba. Na tafi Yamai yin sitaj, wato koyon aiki, wata uku kacal. Na dawo na tarar matar Yaya ta haihu, 'yar jaririya da ƙananan mundaye na azurfa, uwarta ma da nata a hannu. Har na yaba, ni sakarya! Da na buɗe akwati sai na ga jakunkunan fata a lanƙwashe, babu komai ciki. Liyari biyar kawai suka rage.

Wallahi ban san lokacin da na isa butik ɗin Yaya ba. Na faɗa masa maganganu a gaban masu saye, ban ɓoye ba. Ya ce min ai azurfa azurfa ce, ko a akwati ko a hannu nauyinta ɗaya. Ku ji fa! Mutumin da bai taɓa taka kasuwar Mirriya da mu ba, shi da ke kiran abin "tarkacen tsoho". Na ce masa azurfa tana nan cike da kasuwa, amma wanda Baba ya yi damina uku yana lallashin wata tsohuwa a Durum kafin ta sayar masa, a ina zai samo shi?

Na wuce wajen maƙerin da ya narka su in ci masa mutunci, sai shi ya kashe min jiki. Ya ce: "'Yata, ni ma ban so ba. Na ce wa yayanki ya bar su in ba shi wata azurfa, ya ce a'a, sai ta Baba, don albarkarsa ta taɓa jikin jikarsa."

To ga inda abin ya cushe. Inna ce ta ba Yaya makulli. Kuma ta riga ta yi magana da maƙerin, jibi za a narka biyar ɗin a yi mana zobba ni da ƙannena, wai kowa ya sa uban a hannu maimakon ya ruɓe a akwati. Ta ce ai Baba da bakinsa ya ce na jikoki ne, ga jika ta zo, me kuma nake so? Hakan ya ƙara min haushi.

Jiya na kwashe biyar ɗin na kai gidan ƙawata. Inna ta gane. Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai in ban mayar ba kafin Alhamis kada in ƙara gaishe ta. Yau da safe na durƙusa, ta juya min baya.

Ku faɗa min gaskiya, ban son lallashi. In mayar in saya wa kaina gaisuwar uwata? Ko in riƙe, tunda ni kaɗai na san sunan ƙauyen da kowane ɗaya ya fito? In kai maganar wajen Baffa, ɗan'uwan Baba, shi kuma na san zai ce a sayar a raba. Ko na mayar ko na kai wa Baffa, jakunkunan nan za su zama fanko, ni kuma da hannun Baba na ga an ɗinka su.